Daga Tsaunukan Chin Zuwa Kitchener: 'Yan Hijirar da Suka Shiga Ɗariƙar da Ta Haramta Takobi

Garin Kitchener yana lardin Ontario na ƙasar Kanada, tafiyar kimanin kilomita 100 yamma da Toronto. Kafin 1916 sunansa Berlin, kuma waɗanda suka kafa shi manoma ne masu jin Jamusanci, da suka fara ƙaurowa daga Pennsylvania ta Amurka wajen shekarar 1800. Mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ake kira Mennonite, waɗanda a nan za mu riƙa kira Menonawa. A 1813 suka gina ɗakin ibadarsu na farko a wurin. A wannan shekarar kuma, can a wani ɓangaren duniya, wani Ba'amurke ɗan mishan na ɗariƙar Baftis mai suna Adoniram Judson ya sauka a Rangoon, a ƙasar Bama da yau ake kira Myanmar.

Sai da aka yi kusan shekara ɗari biyu kafin waɗannan labarai biyu su haɗu. A yau, cikin jerin ikkilisiyoyin da ke ƙarƙashin majalisar Menonawan gabashin Kanada akwai Chin Christian Church ta Kitchener, wadda 'yan gudun hijira daga yammacin Myanmar suka kafa. Akwai irinta a Calgary, ƙarƙashin majalisar Menonawan lardin Alberta. Mutanen da galibinsu suka tashi a hannun 'yan Baftis, suna ibada da harshensu na tsauni, sun zaɓi su zauna a inuwar ɗariƙar da mutane da yawa ba su san ta da komai ba sai keken doki da baƙar hula. Me ya haɗa su? Kuma yaya za ta kaya idan ɗariƙar da ta haramta ɗaukar makami ta karɓi mutanen da ake ƙona garuruwan iyayensu?

Su wane ne 'yan Chin?

Kada sunan ya ruɗi mai karatu: ba su da alaƙa da ƙasar Sin. Jihar Chin tana yammacin Myanmar, kan iyaka da Indiya da Bangaladash, kuma babban birninta Hakha. Ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai, inda ƙauyuka biyu masu hangen juna kan iya yin harshe daban-daban. Gwamnatin Myanmar tana ƙirga rukuni 53 ƙarƙashin sunan Chin. Ƙidayar 2014 ta sami mutum kusan 480,000 a jihar, kimanin kashi 85 cikin ɗari Kiristoci, a ƙasar da mabiya addinin Buddha suke da gagarumin rinjaye.

Sarakunan Bama ba su taɓa mallakar waɗannan tsaunuka ba. Turawan Ingila ne suka ci su da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, suka kuma yi musu dokar mulki ta daban a 1896. Bayan shekara uku, a 1899, Arthur Carson da matarsa Laura, 'yan mishan ɗin Baftis na Amurka, suka isa Hakha. Aikin bai yi sauri ba. An yi shekara biyar kafin a sami waɗanda suka fara karɓar sabon addinin. Malamai da masu wa'azi 'yan ƙabilar Karen, waɗanda suka riga su shiga Kiristanci, su suka ɗauki babban ɓangaren wahalar. Carson ya rasu a Hakha a 1908, shekarar da J. Herbert Cope ya iso, wanda ya yi aikin rubuta harsunan Chin da haruffan boko har zuwa rasuwarsa a 1938.

Wannan ya sa coci ya zame wa 'yan Chin fiye da wurin ibada. A nan aka fara rubuta harshensu, a nan aka koyar da shi, a nan kuma ƙauyukan da a dā suke kai wa juna hari suka fara ganin kansu a matsayin al'umma ɗaya. Lokacin da Janar Ne Win, wanda ya ƙwace mulki a 1962, ya kori 'yan mishan na waje a 1966, ikkilisiyoyin sun ci gaba a hannun fastocinsu na gida, suka kuma ƙara yawa.

Hanyar hijira

A Fabrairun 1947 shugabannin Chin suka sa hannu a yarjejeniyar Panglong tare da Aung San da wakilan Shan da Kachin, bisa alƙawarin cewa yankunan tsauni za su riƙe ikon tafiyar da al'amuransu a sabuwar ƙasar. An kashe Aung San bayan wata biyar, alƙawarin kuma ya bi shi. A 1961 Firayim Minista U Nu ya mai da addinin Buddha addinin gwamnati, sannan sojoji suka zo da manufar harshe ɗaya da al'ada ɗaya.

Abubuwa sun ƙara tsanani bayan murƙushe boren 1988, shekarar da aka kafa ƙungiyar tawaye ta Chin National Front. Sojoji suka cika jihar. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2009 ya tattara shaidar aikin tilas, da sa farar hula dakon kayan soja, da kame ba bisa doka ba, da takura wa addini. An rushe gicciye da dama da jama'a suka kakkafa a kan tsaunuka, a wasu wuraren aka gina wuraren ibadar Buddha a gurbinsu. Sai kuma ga wata masifar: kusan kowace shekara 48 gorar dajin yankin takan yi fure gaba ɗaya, ɓeraye su hayayyafa da cin 'ya'yanta, in sun ƙare su faɗa wa gonaki da rumbuna. Hakan ta faru daga wajen 2006, yunwa ta shiga ƙauyuka masu yawa.

Masu gudu sun bi hanya biyu. Wasu suka tsallaka zuwa jihar Mizoram ta Indiya, inda mazauna 'yan'uwansu ne na jini da harshe, daga nan wasu suka wuce Delhi. Wasu kuma suka bi masu fasa-ƙwaurin mutane ta Tailan zuwa Maleshiya. Daga Indiya har Maleshiya babu wadda ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, saboda haka ɗan Chin a Kuala Lumpur baƙon haure ne a idon doka, ko da yana riƙe da katin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shekaru ake yi ana aikin gini da wanke-wanke a ɓoye, ana jiran suna ya fito. A wannan zaman jira, ƙungiyoyin ibada da suka kafa a ɗakunan haya su ne makarantar yara, su ne asusun jinya, su ne masu belin wanda aka kama. Da aka fara kwashe su da yawa a shekarun 2000 zuwa Amurka da Ostareliya da Kanada, abin da kowane ayari ya fara yi a sabon gari shi ne neman inda zai taru ranar Lahadi.

Ɗariƙar da aka haifa cikin gudu

Waɗanda suka tarar a Kitchener su ma jikokin 'yan gudu ne. Asalinsu yana komawa daren 21 ga Janairun 1525 a birnin Zurich na Siwizalan, lokacin da wasu matasa, cikinsu har da Conrad Grebel da Felix Manz da George Blaurock, suka yi wa juna baftisma, wato wankan shiga addini, alhali an riga an yi musu suna jarirai. Hujjarsu ita ce imani zaɓi ne na mai hankali, jariri kuwa ba ya zaɓi. A Turai ta wancan zamani, rajistar baftismar jarirai ita ce rajistar 'yan ƙasa, don haka hukuma ta ɗauki abin a matsayin tawaye. Aka laƙaba musu suna Anabaftis, ma'ana masu sake baftisma. A Janairun 1527 aka nutsar da Manz a kogin Limmat. Katolika da Furotesta, waɗanda ba su jituwa a kan komai, sun jitu a kan farautar waɗannan mutane.

A shekarar da aka kashe Manz, wani taro a ƙauyen Schleitheim ya fitar da matsaya bakwai, biyu daga ciki su ne ƙin rantsuwa da ƙin ɗaukar takobi. Ba duka Anabaftis suka bi wannan ba. Wasu sun ƙwace birnin Münster na Jamus a 1534 suka kafa mulki da ƙarfin makami, abin ya ƙare da kisan kiyashi a 1535. Bayan wannan ne wani limamin Katolika daga arewacin Holan, Menno Simons, ya bar muƙaminsa a 1536, ya shafe sauran rayuwarsa yana tattara waɗanda suka warwatse a kan tafarkin da ba ruwansa da makami. Daga sunansa aka samo sunan ɗariƙar.

Tarihinsu daga nan jerin ƙaura ne. Wasu sun isa Pennsylvania a 1683. Wasu sun bi ta Furushiya zuwa kudancin daular Rasha, a Yukren ta yau, inda suka kafa matsuguninsu na farko a 1789 bisa alƙawarin ba za a sa su aikin soja ba. Da aka fara janye alƙawarin a shekarun 1870, dubbai suka tashi zuwa Manitoba da Kansas. Bayan juyin juya halin Rasha da yunwar da ta biyo baya, Menonawan Amurka ta Arewa suka kafa hukumar agaji ta Mennonite Central Committee a 1920 don ciyar da 'yan'uwansu. Ita kanta Kanada ta hana Menonawa shiga ƙasarta a 1919, sai a 1922 ta janye dokar. Daga 1923 zuwa ƙarshen shekarun 1920 kimanin mutum 21,000 suka iso, da yawansu da bashin kuɗin tafiya na kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific, bashin da ba a gama biya ba sai a 1946.

Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da ya faru a 1979 ba. Lokacin da 'yan gudun hijirar Biyetnam da Lawos da Kambodiya suka cika sansanonin Asiya, hukumar agajin Menonawa ce ƙungiyar addini ta farko da ta ƙulla babbar yarjejeniya da gwamnatin Kanada, wadda ta ba ikkilisiyoyi damar ɗaukar nauyin iyalan 'yan hijira da aljihunsu na tsawon shekara guda. Daga cikin waɗanda aka kawo, wasu suka kafa nasu ikkilisiyoyi. A Kitchener akwai ta Menonawa 'yan ƙabilar Hmong da ta 'yan Lawos. Kafin 'yan Chin su iso, an riga an share hanyar.

Abin da ya haɗa su

Akwai dalilai na zahiri da ke sa ƙaramar ikkilisiyar baƙi ta nemi shiga ƙarƙashin wata majalisa. Tana buƙatar ginin da za ta ara ko ta yi haya da rahusa. Tana buƙatar rajista a matsayin ƙungiyar jinƙai. A Ontario, fasto ba ya ɗaura auren da doka ta sani sai an yi masa rajista, rajistar kuma tana buƙatar ƙungiyar addini sananniya ta tsaya masa. Akwai horar da shugabanni, akwai kuma neman wanda zai taimaka a ɗauko 'yan'uwan da suka rage a Maleshiya. A tsarin Menonawan gabashin Kanada, sabuwar ikkilisiya takan fara da zama memba ta wucin gadi, a yi shekaru ana sanin juna, sannan wakilai su karɓe ta cikakkiyar memba a taron shekara.

Amma da buƙata ce kaɗai, kowace ɗariƙa za ta iya biya. Kusancin ya fi haka zurfi. 'Yan Baftis da Menonawa duk suna yi wa baligi ne baftisma, ko da yake na farko nutsarwa suke yi, na biyu kuma sun fi zuba ruwa a ka. Duk ba su yarda gwamnati ta tsoma baki a sha'anin imani ba. Duk suna ba kowace ikkilisiya ikon zaɓen shugabanninta da tafiyar da kanta, abin da ke da muhimmanci ga mutanen da ke son riƙe harshensu da waƙoƙinsu. Kuma wanda ya ga soja yana sare gicciye a kan tsaunin garinsu ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya fahimci labarin Felix Manz.

Wannan kusanci ma yana da tsohon tushe. A farkon ƙarni na 17, wasu Ingilishi da suka ƙi bin cocin gwamnati suka gudu zuwa Amsterdam ƙarƙashin John Smyth da Thomas Helwys. A 1609 suka yi wa kansu baftismar manya, kuma daga nan ake ƙirga farkon ɗariƙar Baftis. Wurin zamansu da ibadarsu wani gidan gasa burodi ne mallakar wani Bamenone. Ba da daɗewa ba Smyth ya nemi shi da jama'arsa su shiga cikin Menonawa. Helwys ya ƙi, ya koma Ingila da mutane kaɗan, ya kafa cocin Baftis na farko a ƙasar. Smyth ya rasu a 1612, Menonawa kuma suka karɓi mabiyansa a 1615. Ashe ikkilisiyar Baftis ta 'yan hijira da ke ƙwanƙwasa ƙofar Menonawa abu ne da ya faru tun a shekarun farko na ɗariƙar.

Cikin abubuwan da suka raba Helwys da Menonawa akwai wannan: shi yana ganin Kirista zai iya zama mai mulki, ya riƙe takobin hukuma, ya ci gaba da zama ɗan ikkilisiya. Su kuwa sun ce a'a. Wannan saɓani na shekara ɗari huɗu shi ne ya dawo ya sami 'yan Chin a Kanada.

Maganar takobi

Kundin aƙidar da Menonawan Kanada da Amurka suka amince da shi a 1995 yana da sashe 24, kuma na 22 ya tsaya ne a kan zaman lafiya da adalci da ƙin rama mugunta da ƙarfi. Koyarwar ta hana shiga yaƙi kowane iri, ta dogara da umarnin Yesu na ƙaunar maƙiyi. Ikkilisiyar da ta shiga majalisar ta amince ke nan da wannan kundi a matsayin jagora. A shekarun da Myanmar ta ɗan buɗe, daga 2011, musamman bayan Chin National Front ta tsagaita wuta a 2012, amincewa da wannan bai yi nauyi sosai ba.

Ranar 1 ga Fabrairun 2021 sojoji suka sake ƙwace mulki. Zanga-zangar lumana ta gamu da harsashi, kuma jihar Chin na cikin wuraren farko da jama'a suka mai da martani da makami. A garin Mindat matasa suka fuskanci soja da bindigogin toka na farauta. Aka kafa rundunonin sa-kai da ake kira Chinland Defence Force a garuruwa daban-daban. A Satumbar 2021 sojoji suka yi ruwan wuta a garin Thantlang, mai mutum kimanin 10,000, kusan kowa ya gudu. Ranar 18 ga watan aka harbe wani matashin faston Baftis, Cung Biak Hum, a kan hanyarsa ta zuwa taimaka wa masu kashe gobara. A watannin da suka biyo baya aka yi ta cinna wa garin wuta, har da majami'unsa.

Duk ɗan Chin da ke waje yana da wani a cikin wannan wuta: uwa a sansanin Mizoram, ƙane a daji da bindiga, gidan gado da ya zama toka. Al'ummar Chin ta ƙetare ta zama babbar hanyar tallafi ga mutanen gida, kuma a yanayi irin wannan raba kuɗin shinkafa da kuɗin harsashi ba abu ne mai sauƙi ba. Wanda ya zama Bamenone a Kitchener ko Calgary yana tsakanin amana biyu, ta aƙidar da ya karɓa da ta jinin da ya fito daga ciki.

Menonawa na gado ba su da bakin yi masa gori, domin tarihinsu ya taɓa kai su nan. A 1918 da 1919, lokacin da doka ta rushe a Yukren, mayaƙan Nestor Makhno da sauran 'yan bindiga suka addabi ƙauyukansu, wasu matasan Menonawa sun kafa rundunar kare kai da horon sojojin Jamus. Ta yi nasara na ɗan lokaci, sannan ramuwar gayya ta biyo baya, aka yi kisan gilla a ƙauyuka irin su Eichenfeld a ƙarshen 1919. Daga baya taron shugabanninsu ya kira matakin kuskure, amma har yau jikokin waɗanda suka ga abin da idonsu ba su gama muhawara a kansa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ma, yayin da dubban matasan Menonawan Kanada suka zaɓi aikin farar hula a gandun daji da gonaki a madadin soja, wasu dubban sun sa kaki.

Mai karatu a Najeriya ya san wannan tambaya daga kusa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fara a Garkida a 1923, reshe ce ta Church of the Brethren, ɗariƙar da ke cikin dangin Anabaftis kuma take riƙe da irin wannan aƙida ta ƙin makami. Tana cikin waɗanda rikicin Boko Haram ya fi yi wa ɓarna, kuma mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 daga iyalanta suke. Shugabanninta sun ci gaba da wa'azin ƙin ramuwa a lokacin da hedkwatarsu da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Wanda ya bi labarinsu ya san tsadar wannan matsayi.

Wa ya shiga gidan wa?

An saba ba da irin wannan labari kamar baƙo ne ya zo ya sami masauki. Lissafin ya nuna wani abu daban. Cikin Anabaftis sama da miliyan biyu da aka yi wa baftisma a duniya, kimanin kashi biyu cikin uku suna Afirka da Asiya da Latin Amurka. Ikkilisiya mafi girma a Majalisar Menonawa ta Duniya ita ce Meserete Kristos ta Habasha, wadda gwamnatin Derg ta rufe a 1982, ta koma taruwa a ɓoye a gidaje, ta fito bayan 1991 da ninkin mabiyanta sau da yawa. A cikin Myanmar kanta akwai Bible Missionary Church, memba a wannan majalisa. A Kanada kuwa tsofaffin ikkilisiyoyin Menonawa na ƙauye suna tsufa suna raguwa, yayin da na baƙi suke cike da yara.

Yaran nan su ne jarrabawa ta gaba. Suna tashi da Ingilishi, iyayensu kuma sun kafa cocin ne domin, baya ga ibada, harshen ya rayu. Menonawan Kanada sun bi ta wannan mashigi a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da suka yi ta jayayya a kan barin Jamusanci a wa'azi, wasu suna ganin in harshen ya tafi imanin zai bi shi. Harshen ya tafi, ɗariƙar ta tsaya. Ko 'yan Chin za su yarda su biya wannan farashi, su ne za su yanke.

Abin da suka kawo wa masu masaukinsu kuwa ya fi yawan kai. Menonawan Ontario sun yi shekaru masu yawa suna riƙe da aƙidar ƙin makami a ƙasar da ba ta tilasta wa kowa aikin soja tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba wanda ke ƙona musu gari. A watan Mayun 2025, lokacin da Anabaftis daga ko'ina suka taru a Zurich don cikar shekara 500, a gefen kogin da aka nutsar da Manz, jiragen yaƙin sojan Myanmar suna ci gaba da jefa bama-bamai a jihar Chin. Mutanen da ke zaune a kan benci ɗaya da jikokin Menno a Kitchener, wayoyinsu cike da hotunan Thantlang, sun dawo wa ɗariƙar da tambayar da aka kafa ta a kai tun a Schleitheim, kuma amsar da za a ba su dole ta zama wadda za a iya faɗa wa wanda ƙanensa yake daji.